Ashe ruwan ne, ba silindar ba

'Yan uwa masu tankin kifi mai tsirrai, yau kwana goma sha ɗaya ke nan ban tsinci gawar kifi ba. Alhamdu lillahi. Kafin nan ƙananan kifayen tetira shida na rasa cikin mako biyu, ga kuɗin sabuwar ragileta, mai daidaita iskar CO2 da silinda ke sakar wa tsirrai a ruwa, da na saya a banza don ina zargin tsohuwar da yoyo.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ban ƙara CO2 ba. Kwalbar gwaji, mai nuna yawan CO2 a ruwa da launi, kore shar, wato wajen 30 ppm (kashi 30 cikin miliyan), pH, ma'aunin tsamin ruwa, yana sauka da maki ɗaya kamar kullum. Amma da rana ta yi sai kifayen su taru a saman ruwa suna haki. Na rage kumfar CO2, tsirrai suka fara rawaya. Na mayar, aka koma gidan jiya.

Abu ɗaya na canza kafin matsalar ta fara: na koma ruwan RO zalla, wato wanda aka tace gishirinsa kaf, ban zuba masa komai ba sai ɗan abin ɗaga KH, ƙarfin ruwa na tare tsami.

Nan ne kuskurena. Mu mutane idan CO2 ya taru a jini sai mu ƙara numfashi mu fitar. Kifi ba shi da wannan gatan idan ruwan da yake shaƙa ne ya cika da iskar. Tana ratsa kunnuwansa, inda yake numfashi, ta shiga jini ta zama asid, jinin ya yi tsami, himogulobin, jan sinadarin jini, ya kasa riƙe iskar oksijin yadda ya saba. Hakin ke nan, ko da oksijin na nan a ruwa. Gyaran kuwa ciniki ne a kunnuwan: ya fitar da asid ya karɓi sodiyam daga ruwa, ya tara baikabonet mai kashe tsami a jini, kuloraid ɗin jinin ya ragu. Aikin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku, kuma a ruwan da ba gishirin kirki yana tafiyar hawainiya. Ni kuwa na kwashe musu kayan ciniki, sannan ina buɗe musu iska gaba ɗaya kowace safiya. Har yanzu abin na cina.

Kifina fileko ko a jikinsa. Wasu irinsa kan bar jini ya yi tsami su kare cikin ƙwayoyin jikinsu kawai, shi ya sa kallonsa ya yaudare ni na ɗauka lafiya lau. Katantanwa ce ta faɗi gaskiya tun farko, ƙwaryarta ta yi fari tana zaizayewa, ban kula ba.

Yanzu ina haɗa ruwan da gishirin GH (kalsiyam da maganiziyam) da ɗan sodiyam, na ɗaga bakin na'urar tace ruwa ya riƙa motsa saman ruwa, iskar kuma na yi ta ƙara ta kaɗan kaɗan tsawon mako. Kada ku jira kwalbar gwaji ta yi rawaya, alamar CO2 ya yi yawa, tana makara da kusan awa biyu.

Jan tsiron da ke bayan tankin bai dawo da launinsa ba. Hannuna na ƙaiƙayin ƙara kumfa, amma sai Asabar.