Asabar ɗin da Auta ya ce wayata ta maƙale

Yau ban leƙa ko ƙofar gida ba, wanki ne ya taru min kamar hauka. Na fito da bokitai tsakar gida na jona waya da ƴar sifika na kunna kiɗan Music for 18 Musicians na Steve Reich, wani mai tsara kiɗa ɗan Amurka, wanda kamfanin ECM ya fitar a 1978, shi nake sawa duk ranar da aiki ya yi min yawa. Ko riga biyu ban wanke ba sai ga Auta, wai "Yaya wayarka fa ta maƙale, abu ɗaya take ta maimaitawa tun ɗazu." Na ce ba ta maƙale ba malam, zauna ka ji. Ya kifa bokiti ya zauna yana ta yatsina, can bayan kamar minti goma sai ya ɗago, "kai, ai ya canza, yaushe ya canza?" To wallahi nan ne daɗin abin yake, canjin kamar inuwa ce a jikin katanga, ba ka ganin tafiyarta sai dai ka ga ta matsa.

Shi ne ya ce in faɗa masa da wanne zai fara a irin wannan kiɗan. Minimalizim ake ce wa salon, a Amurka ya taso wajen shekarun 1960, ƴan sautuka kaɗan ake ɗauka a yi ta juya su. Na ce kar ya fara da wannan da muke ji, ya kusa awa guda, datarsa ma ba za ta kai ba balle haƙurinsa. Ya nemi Clapping Music na 1972 tukuna, shi ma na Reich, ƴan mintuna ne kuma ba ganga ba komai, mutum biyu ne kawai ke tafi. Ɗaya ya riƙe tafinsa ba ya canzawa, ɗayan yana gocewa da bugu ɗaya ɗaya har sau 12 su dawo su haɗu. Muka ce bari mu gwada da hannuna duk kumfa, ko gocewa ta biyu ba mu kai ba muka rikice, Umma daga kicin tana cewa wai gaɗa kuke yi da girmanku?

Daga nan Glassworks na Philip Glass, 1982, ya fara da na farkon mai fiyano zalla, ba ya wahalar da kunne. Amma na ja masa kunne kan Einstein on the Beach, wajen awa biyar ake yi a dandamali, ni kaina ban taɓa kai ƙarshensa a zama ɗaya ba.

Wanda na fi so ya ji dai In C ne na Terry Riley, 1964, gutsattsarin kiɗa 53, kowane makaɗi ya maimaita nasa iya son ransa kafin ya wuce gaba, shi ya sa duk rikodin da ka ji daban yake. Na ce ya bar na 1968 sai daga baya, ya nemi In C Mali da aka ɗauka a Bamako, da kora da balafon, kayan kiɗan gargajiya na can, kunnenmu ya fi saurin kama shi. Ya yi mamaki da na ce masa Reich ɗin ma sai da ya je Gana a 1970 ya koyi kiɗan ƙabilar Ewe wajen wani gwanin makaɗi, Gideon Alorwoyie, zazzaɓin cizon sauro ya katse masa zaman, ya koma gida ya rubuta Drumming.

Na dare kuma Spiegel im Spiegel na Arvo Pärt ɗan Estoniya, duk da wasu na cewa shi layinsa daban ne, oho dai, ni barci yake sa ni mai daɗi.

Wankin sai bayan la'asar na gama. Yanzu na duba iyafis ɗina babu shi a inda na ajiye, kuma ina jiyo tafi ƙasa-ƙasa daga ɗakin Auta, har yanzu a gocewa ta biyu yake rikicewa.