Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Abin da Umma ta gada

Jama'a barkanmu da wannan makon. A kashin baya na tsaya inda Yaya ya dage sai mun kai Umma wajen likitar ƙwaƙwalwa, to daga nan zan ɗora.

Wlh bakin Umma ne ya makarar da mu. Mace ce mai hira, in ta ɗauko labarin ƙuruciyarta sai ta kawo shi tiryan-tiryan har da sunan malamarsu ta firamare, amma ta tambaye ni "Auta, yaran sun dawo makaranta?" na amsa mata, kafin na ajiye jakata ta sake tambaya, kuma da fara'arta kamar yanzu ta fara. Mukullin ɗakinta a cikin firji muka tsince shi. Duk muna cewa gigin tsufa ne. Likitar tace ta saba ganin haka a mata, wai mata sun fi maza riƙe kalmomi, gwajin farko kuma yawanci kalmomi ake ba mutum ya maimaita, sai mace ta ci gwajin alhali ciwon ya daɗe yana cinta.

Sai ta juyo kaina tace a dangin Umma akwai wanda ya yi irin wannan? Gabana ya faɗi, dan kakarmu har ta rasu bata gane 'ya'yanta, yayar Umma ma haka ta ƙare, ga Kawu kuwa da ya girme Umma da yayarta duka ya haura tamanin amma garau yake, lambobin wayar jikokinsa duk da ka yake kawo su.

Nan ta zauna ta min bayani. Akwai wata ƙwayar gado da ake kira APOE, kowa yana da guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma kala uku ce, e2 da e3 da e4. Tun 1993 masu bincike a jami'ar Duke ta Amurka suka gano alaƙar e4 da cutar Alzheimer, wato ciwon mantuwa irin na Umma. Wanda ya gaji e4 guda ɗaya haɗarinsa ya ninka kamar sau 3, wanda ya gaji biyu kuma sau 8 zuwa 12, amma akwai masu ita da suke tsufa da hankalinsu, akwai kuma marasa ita da ciwon ke kamawa. Har a binciken da aka kwatanta tsofaffin Ibadan da baƙar fatar birnin Indiyanapolis na Amurka an ga tasirin e4 bai kai haka ƙarfi a Ibadan ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine na mata. A Amurka kusan biyu cikin uku na masu Alzheimer mata ne. Nace ai dan mun fi maza tsawon rai ne, tace da wannan, amma ba shi kaɗai ba, an ga macen da ke ɗauke da e4 guda ɗaya ta fi namiji mai irinta shiga haɗari tsakanin shekara 65 zuwa 75, kuma ana zargin faɗuwar sinadarin estrojin lokacin ɗaukewar al'ada yana da hannu, har yanzu dai ana kan bincike. Ni ina zaune ina lissafi, Umma, ni, ga 'ya'yana mata biyu.

Na tambaye ta ko in yi gwajin ƙwayar. Bata hana ni ba, tace sakamakon ba zai ce min zan kamu ko ba zan kamu ba, amma hawan jinina da nake wasa da maganinsa, da suga, da motsa jiki, waɗannan suna hannuna. Tun a mota na nemo maganin hawan jinin a ƙasan jaka na sha.

Rigimar da aka yi da Yaya kan wa zai riƙe Umma, wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.