Abin da aikin ɗakin gwajin ruwa ya koya min game da kulorait

A aji kulorait layi ɗaya ce kawai cikin jerin da muke haddacewa don jarrabawa: Cl⁻, ClO⁻, ClO₂⁻, ClO₃⁻, ClO₄⁻, lambar kulorin, wato mai nuna yawan elektaron da ya karɓa ko ya rasa, tana hawa daga -1 zuwa +1, +3, +5, +7. Ta tsakiyar nan ClO₂⁻ ita ce kulorait, kulorin ɗaya da oksijin biyu a lanƙwashe, kusurwar wajen digiri 111. Iya abin da lakcara yake so ka zubo masa kenan. Sai da na fara aiki na gane ashe +3 ɗin nan ita ce maganar gaba ɗaya, don kulorin ba ya jin daɗin zama a wurin, kullum so yake ya fizgi elektaron ya sauko ya zama Cl⁻ irin na gishirin miya, kuma babu ruwansa da wanda zai fizga a hannunsa, ƙwayar cuta ce ko tsumma ko jinin mutum.

Sodiyam kulorait, NaClO₂, farin gari ne mai narkewa a ruwa, ba ya ba kowa tsoro a ido. Amma oganmu bai yarda a goge shi da tsumma a jefa kwandon shara ba. In ya zube sai ka ji ya ce, "Ɗana, ruwa za ka kwarara masa, mai yawa, har rigar taka ka cire ka jiƙa." Dalili kuwa in ruwansa ya bushe a jikin auduga ko takarda ko katako yana barin wani farin ɓurɓushi kamar busasshen gumi a wuyan riga, to wannan ɗin gogayya kaɗan ko zafi ya isa ya kunna wuta. Gishirin kulorait na dalma da azurfa da zaiba sun ma fi muni, bugu ko zafi kawai sai su tarwatse, shi ya sa na sodiyam ne kusan kaɗai ke da kasuwa.

Sai batun asid. Ka ɗiga asid a ruwan kulorait cikin akwatin zuƙe hayaƙi, ruwan da yake garau nan take zai fara rinewa ya koma ɗorawa mai ratsin kore, gas ɗin kulorin dayoksaid, ClO₂, kenan yake fita. Shi ne ainihin abin da masana'antu ke nema, da shi ake farar da kayan yin takarda da yadi, kuma tun 1944 aka fara sa shi a ruwan sha a garin Niyagara Fols na Amurka don kashe wari da ɗanɗano. Ba a dura shi a tukunyar gas a yi safararsa saboda in ya haura kusan kashi 10 cikin ɗari a iska yana iya fashewa, dole a wurin aiki ake haɗa shi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne awo. Bayan gas ɗin ya gama aikinsa a ruwa fiye da rabinsa kulorait yake komawa, mu kuma sai mun tabbatar ragowar ba ta wuce ƙa'ida ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 0.7 a lita, Amurka ta sa 1.0. Kan ɗan wannan muke ɓata wuni. To wallahi raina yana ɓaci in na ga bidiyon da ake yawo da shi a WhatsApp na wani ruwa wai MMS, sodiyam kulorait ne kashi 28 cikin ɗari ana haɗa shi da asid ɗin lemon tsami a sha, wai maganin maleriya da ciwon daji da korona, hujjarsu kawai ai ana tace ruwa da shi. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2010 ta sake yi a 2019.

In sodiyam kulorait ya shiga jini ƙarfen da ke cikin himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jini, yake taɓawa, ya mai da Fe²⁺ zuwa Fe³⁺, jinin ya kasa ɗaukar oksijin, leɓe ya yi shuɗi, jajayen ƙwayoyin jini su farfashe, ƙoda ta shiga wahala. Mu nan Afirka ta Yamma abin ya fi shafar mu, don akwai mutane da yawa, musamman maza, masu ƙarancin sinadarin G6PD wanda ke kare ƙwayoyin jini daga irin wannan ɓarna, kuma akasarinsu ba su ma san suna da shi ba. In wani naka ya sha kar a tsaya sa shi amai ko ɗura masa manja, a wuce asibiti da kwalbar a hannu likita ya ga abin da aka sha, kuma in an san yana da matsalar G6PD a faɗa tun a bakin ƙofa, saboda maganin metilin bulu da aka saba bayarwa in jini ya yi haka shi kansa yana fasa ƙwayoyin jinin irin waɗannan mutanen.