Idan Tsohuwar Motar Lodi Ta Fara Fizga, Kada a Gaggauta Zargin Famfo

Ƙaramar motar lodin nan mai taya huɗu, wadda aka fi sani da Bobcat, tana da wata matsala da ke bayyana idan ta tsufa: direba zai tura liba, wato sandar da yake tuƙa motar da ita, a hankali, motar ta yi shiru kamar ba ta ji ba, sai kuma ta zabura gaba ɗaya har kayan da ke cikin bokiti su zube. Na daɗe ina aiki da irin wannan mota, kuma abin da ke damuna shi ne yadda ake saurin yanke hukunci cewa famfon man haidrolik da ke motsa tayoyinta ya gama aiki, alhali yana cikin abubuwa mafi tsada a jikinta, kuma sau da yawa ba shi da laifin komai.

Motar ba ta da sitiyari, tayoyinta kuma ba sa karkata hagu ko dama. Tun daga samfurin M400 da kamfanin Melroe na jihar Dakota ta Arewa a Amurka ya fitar a 1960, dabarar juyawarta ɗaya ce, wato tayoyin ɓangare guda su fi na ɗaya ɓangaren gudu, ko su juya baya, motar ta goga ƙasa ta waiwaya. A samfuran da suka biyo baya, kamar Bobcat 743 da 753, famfo biyu ne na man haidrolik ke wannan aiki, kowanne yana tura mai zuwa moto na ɓangarensa, wato na'urar da matsin mai ke juyawa, moton kuma yana jan tayoyi biyu da sarƙa. Libar da ke hannun direba tana haɗe da wani ɗan hannun ƙarfe da ke jikin famfon, wanda shi ke karkata farantin da ke ciki don ƙara ko rage yawan man da ke fita. Motsi kaɗan a wannan hannu yana haifar da babban canji a gudun taya, saboda haka duk wani sako-sako tsakanin hannun direba da famfo zai fito fili a matsayin fizga.

A nan nake fara bincike, kuma a nan nake ɓata mafi yawan lokacina. A kashe injin, a sauke bokiti ƙasa, a ɗaga ɗakin direba a tokare shi yadda littafin motar ya tanada, sannan mutum ɗaya ya riƙa motsa liba a hankali, wani yana kallon hannun famfo. Idan liba ta yi tafiya kafin hannun ya motsa, to an kama zaren matsalar. Galibi bushin na roba da ke mahaɗan sandunan ne suka cinye, ko noti ya kwance, ko kuma hannun da kansa ya yi sako-sako a kan sandar famfon, har ramin da ke riƙe shi ya faɗaɗa. Wannan na ƙarshen yana da yaudara ƙwarai, domin da ido za a ga komai a ɗaure, sai an kama shi da hannu an girgiza za a ji yana wasa. Ɗaure noti kawai ba ya magance hannun da raminsa ya riga ya cinye, canza shi ya fi.

Kusa da wurin akwai sifirin da wani faranti na waje da ke mayar da liba tsakiya idan an sake ta. Idan ƙananan ƙarafa masu siffar gwangwani da ke gogar farantin sun yi kwari, liba za ta riƙa maƙalewa a cikin kwarin, direba ya ƙara ƙarfi, ta kuɓuce lokaci guda. Alamar da ke tare da wannan ita ce motar tana rarrafawa da kanta ko famfo yana kuka alhali ba a taɓa liba ba. Sai kuma ƙananan shokzoba da ake ɗaura wa libobin, waɗanda mutane da dama ba su ma san da su ba. A cire su a gwada da hannu: mai lafiya yana turjewa daidai wajen turawa da wajen ja, matacce kuwa yana shiga yana fita ba wata turjiya. Muhimmancinsu ya wuce girmansu, domin motar gajera ce, kuma idan bokiti ba kaya nauyinta yana baya. Da zarar ta zabura, jikin direba zai koma baya, hannunsa ya ja liba, motar ta tsaya cak, jikinsa ya dawo gaba ya sake turawa, a haka za ta yi ta tutsu kamar dokin da ba a hora ba. A ganina, duk wanda ya sayi tsohuwar mota ya canza su biyun tare tun kafin su nuna alama.

Idan wannan ɓangare ya fita daga zargi, sai a koma kan mai. A duba gejinsa, sannan a duba launinsa bayan motar ta yi ɗan aiki. Mai da ya yi kumfa yana nuna iska na shiga, yawanci ta tiyon da ke zuƙo mai daga tanki ko ta mahaɗarsa, kuma irin wannan ɓaraka ba lallai ta ɗigar da mai a gani ba. Mai da ya yi fari kamar madara ruwa ne ya shige shi. Filtar da ta toshe tana rage matsin man da ke ciyar da manyan famfunan, kuma idan wannan matsi ya faɗi ƙasa da adadin da littafin samfurin ya faɗa, motar za ta riƙa yankewa tana kamawa. A wurarenmu, inda ƙurar hunturu ke cika matatar sanyaya mai, zafin bazara kuma ke tsinka shi, bai kamata a jira sa'o'in da aka rubuta kafin a wanke matatar ba. Ina roƙon kowa kada ya nemi inda tiyo ke yoyo da tafin hannu, a yi amfani da kwali, domin man da ke fita da matsi yana huda fata, kuma raunin na iya kai wa ga yanke yatsa.

Samfurin 753 yana juya famfunansa da bel, don haka bel da ya saki zai zame idan aka ɗora wa motar nauyi. 743 kuwa injin yana haɗe da famfo kai tsaye. Sarƙa ma tana miƙewa da tsufa. A ɗora motar a kan tsayayyun ƙarafan tokara, ba a kan jak kaɗai ba, a juya kowace taya gaba da baya da hannu, idan ta yi wasa mai yawa tare da ƙarar ƙarfe, sarƙar na neman gyara. Iskar taya ta zama daidai a huɗun, girmansu ma ɗaya. Sabon direba kuma a koya masa ya ɗaga totur sosai, ya sarrafa gudu da liba, domin tuƙi da injin a ƙasa yana ƙara fizga.

Famfo yana iya lalacewa, ba na musun haka, amma yana da shaidunsa. Matsalar takan tsananta idan mai ya yi zafi, ɓangare ɗaya ya yi rauni wajen tura tudun yashi, kuma idan aka yanka tsohuwar filta aka buɗe takardar cikinta za a ga ɓurɓushin tagulla yana ƙyalli. Idan an ga wannan, a tsayar da motar nan take, a sa bakanike ya auna matsin mai da geji kafin a kwance komai, kuma a wanke tanki da tiyoyi gaba ɗaya kafin a ɗaura wani famfon, domin ɓurɓushin da ya rage a cikin layin zai cinye sabon kamar yadda ya cinye tsohon.