Ratsa Bango Iri-iri Ne

Muhawarar da muka yi da abokaina kan abin da zai iya cutar da jaruman littattafan zane na Amurka masu ratsa bango ta yi tsawo ne saboda an ɗauki duk mai ratsa bango a matsayin abu ɗaya, alhali hanyoyinsu sun bambanta. Kitty Pryde ta kamfanin Marvel, wadda ta fara fitowa a 1980, tana bi ne ta tsakanin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama bangon, kuma idan ta ratsa na'urar lantarki sai na'urar ta lalace, wanda ke nuna cewa jikinta bai rabu da duniyar zahiri gaba ɗaya ba. Vision, wani mutum-mutumi na Marvel, yana rage cunkoson ƙwayoyin jikinsa ne, Flash na kamfanin DC kuwa girgiza nasa jikin yake yi da matsanancin sauri.

A ganina, harsashi ba zai taɓa kowa cikinsu ba a wannan hali, amma wanda ke shiga tunanin mutane zai iya kai wa Kitty da Flash hari, domin hankalinsu yana nan. Fatalwa, wadda tun farko ba ta da jiki, sai dai a nemo mata sihiri.