Laraba da dare, bayan ta'aziyya a gidan maƙwabci

Yau na tashi aiki da wuri don in shiga gidan maƙwabcinmu gaisuwa. Bayahude ne, kamar mutane da yawa a wannan unguwa tamu ta Prestwich a arewacin Manchesta, kuma shekaranjiya aka binne mahaifinsa. Uwargida ta so ta dafa musu abinci, na ce ta bari, suna da ƙa'idojinsu na ci masu tsauri. Lemo da tuffa na saya.

Na same shi zaune a 'yar gajeruwar kujera kusa da ƙasa, gaban rigarsa a yage, an rufe madubin falo da ƙyalle. Haka suke zaman makoki na kwana bakwai, shiba suke ce masa. Aka miƙo mini 'yar hular nan tasu, sai wani dattijo ya dubi zanna-bukar ɗin da ke kaina ya ce ta wadatar.

Rana na shirin faɗuwa na ga hankalin kowa ya tashi, ana leƙen taga, ana buga waya. Ashe su tara ne, kuma addu'ar da mai makoki zai yi ba ta yiwuwa sai an cika maza goma Yahudawa, masu shekara 13 zuwa sama. Ni ba na cikin lissafi. Can sai ga wani yaro da kayan makaranta yana haki, ko jakarsa bai sauke ba aka tashi.

Suka fuskanci wajen Kudus, kowa ya haɗe ƙafafunsa, leɓe na motsi amma ba a jin murya, wasu na rangaji gaba da baya. Wannan ita ce Amida, ginshiƙin ibadarsu ta safe da yamma da dare. Dattijon ya gaya mini daga baya cewa albarka 19 ce a cikinta a ranakun aiki: roƙon ilimi, gafara, lafiya, albarkar shekara, zaman lafiya, kuma kusan duka da bakin jama'a ake yin su, a warkar da mu, a gafarta mana. Ya ce tun da Romawa suka rushe Haikalin Kudus, babban ɗakin ibadarsu, a shekara ta 70 miladiyya yankan hadaya ya tsaya, addu'a ta maye gurbinsa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Kaddish, addu'ar mai makokin nan da aka jira cikar mutum goma dominta. Maƙwabcina ya miƙe yana karantawa da harshen Aramiyanci, muryarsa na rawa, sauran suna amsa masa da amin da ƙarfi. Na ɗauka nema wa mamaci rahama yake yi. Da na duba fassarar a littafin da aka ba ni, babu maganar mutuwa a ciki ko sau ɗaya, babu sunan mahaifinsa. A ɗaukaka sunan Ubangiji mai girma, a tsarkake shi, mulkinsa ya tabbata, salama ta sauka. Mutumin da ƙasar kabari ba ta gama fita daga takalminsa ba, abin da aka ɗora masa shi ne ya yabi Mahalicci a gaban mutane. Na tuna yadda mu ma Innalillahi ke riga kuka fitowa daga baki, sai idona ya cika.

A ganina hikimar sharaɗin mutum goman nan babba ce. Mai baƙin ciki yakan so ya kulle ƙofa, amma wannan addu'a ba ta barinsa. Wata 11 zai yi yana karanta ta kullum, safe da yamma, kuma kowane karo sai ya nemi mutum tara, su kuma sai sun bar harkokinsu sun zo sun amsa masa.

Da zan fita ya riƙe hannuna ya ce bayan kwana bakwai zai riƙa sammakon zuwa majami'a kafin aiki. Na ce masa ya bar mini kai yara makaranta, hanyarmu ɗaya ce. Ranar Litinin za mu fara.