Kusurwar nan da ta ƙi cin launi, jiya dai ta miƙa wuya

Salam jama'a, waɗanda suka ga hotunan da na sa kwanaki sun san halin da nake ciki da daɓen simintin ɗakin aikina da nake sa wa launi. To jiya da yamma na shafa sila, wato ruwan da ake shafawa a ƙarshe don ya rufe daɓen ya kare launin, hannu na biyu, yau da safe na buɗe ƙofa na tsaya ina kallo kamar wanda aka yi wa kyauta. Sati uku cif kusurwa ɗaya tana wasa da hankalina, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce ba, musamman don masu tambaya wai sten na asid za su saya ko rini, wato hanyoyi biyu na sa wa kankare launi.

Ni tun farko sten na zaɓa kuma har yanzu ban yi nadama ba. Abin da ya ja ni shi ne launinsa ba a kan kankaren yake zama ba, gishirin ƙarfen da ke cikin ruwan asid ɗin ne yake haɗuwa da farar ƙasar da ke jikin simintin su canza kala tare, shi ya sa yake fitowa da dabbare dabbare kamar dutse ko tsohuwar fata, babu wuri biyu da za su zo iri ɗaya. Na ɗauki ruwan ƙasa mai duhu. Shuɗi-koren nan ya burge ni sosai amma shi da jan ƙarfe ake yinsa kuma in danshi na tasowa daga ƙasa yana iya yin baƙi, ni kuma da na manna leda da salatif na bar ta ta kwana na ga ɗan gumi gumi a gefen bango ɗaya, sai na haƙura da shi.

Feshin farko lafiya lau. Famfon roba zalla, babu ƙarfe a ciki, ina fesawa ina zagayawa yaro na bi da buroshi, ƙasa na ta kumfa tana tsuwwa, na bar shi awa shida, na kashe asid ɗin da ruwan bekin soda, na yi ta ɗauraya har farin tsumma ya daina ɗaukar kala. Wannan ɗaurayar kam kar wanda ya raina ta, sau biyar na canza ruwa. Da ya bushe na jiƙa don in ga yadda zai kasance in an sa sila, wallahi sai da na yi tsalle. Ko'ina ya yi kyau in ban da kusurwar da ke kusa da ƙofa, kamar mita biyu a ɗaya da rabi, tana nan fari fat da ɗan rawaya rawaya kamar an zubar da ruwan shayi an goge.

Na ce ƙila ban fesa sosai ba a wurin. Na sake fesawa, na jira, na wanke. Babu. Na ƙara na uku ba tare da na sirka ba, nan ma babu, sai ma gefen wurin da ya riga ya ci launi ya ƙara duhu, ya zama kamar na zana wa kusurwar firam da gangan don kowa ya gani. A nan galan na biyu ya tafi, kuma sten ba abu ne mai araha ba, na ji zafin wannan a aljihu sosai.

Sai na fara zarge zarge. Na farko na ce ko magini ya goge wurin da cokali har fuskar ta toshe, na ɗiga ruwa, cikin ƙiftawar ido ya shanye, ke nan ba toshewa ba ce, wurin ma ya fi ko'ina sha. Na ce ko mai ne ya taɓa zuba, to ai da mai ne da ruwan ya tsaya ya yi ƙwallo. Na ce ko faci ne aka yi da wani siminti daban, na ƙwanƙwasa na duba babu layin faci. Abin da ya kamata in lura da shi tun ranar farko shi ne lokacin da nake feshi wurin bai yi kumfa ba, ko'ina na tsuwwa nan shiru, amma ina cikin murna ban kawo komai ba.

Ina kwance da dare abin ya faɗo min. Shekara biyu da suka wuce bayan an gama filasta, a daidai wannan kusurwar aka kwaɓa siminti, ya bar ɓurɓushi ya daskare, ni da hannuna na zuba ruwan asid na wanke wurin har sau biyu ina jin daɗi ya fita tas. To asid ɗin nan ya riga ya cinye farar ƙasar da ke saman, sten ya zo bai tarar da abokin haɗuwa ba. Ko galan goma zan juye a wurin haka zai zauna. Na ji haushin kaina ba kaɗan ba, don an sha faɗa a wannan dandalin cewa kar a wanke daɓe da asid in ana da niyyar sten, ni kuma na karanta na gyaɗa kai ban tuna na aikata ba.

Kuskure na gaba shi ne na ɗauko hayar injin goga, a tunanina in na cire saman da ya mutu zan tarar da sabon siminti a ƙasa. Tunanin ba laifi, hannun ne ya yi nauyi, na ci ƙasa da yawa har yashi da ƙananan tsakuwa suka bayyana, su kuma ba sa cin sten, simintin da ke tsakaninsu kaɗai ke ɗauka. Da na sake fesawa sai wurin ya fito da ɗigo ɗigo kamar ƙwan zabo. Ya dai fi farin nan na da kyau, amma ba shi da alaƙa da sauran ɗakin. Hayar kwana biyu ta tafi a banza, ga ƙura har cikin kunne.

A nan ne na koma wa rinin da na raina da farko. Shi rini babu ruwansa da farar ƙasa, ƙwayoyin launi ne ƙanana ƙwarai da ruwa ko asiton, wani sinadari mai saurin bushewa da kama wuta, ke ɗauka ya shige da su cikin ƙofofin kankaren, duk inda ke sha zai ci, kuma kalar da ka gani a kwalba kusan ita za ka samu, ba kamar sten ba da sai ya gama aikinsa za ka san me ya ba ka. Na sayi na gari mai haɗawa da asiton, ruwan ƙasa da ɗan baƙi. Abu biyu suka ba ni wahala. Famfona na farko asiton ya kumbura robobin cikinsa ya fara ɗiga, kowane ɗigo kuma tabo ne nan take don abin bushewa yake cikin daƙiƙoƙi, sai da na nemi famfon da aka yi don asiton. Na biyu na haɗa shi da kauri kamar yadda takarda ta ce, gwajin da na yi a inda kabad zai zauna ya fito launi ɗaya shafe kamar fenti, babu rai a cikinsa. Sai na sirka shi sosai, na riƙa fesawa sama sama daga nesa ina juya hannu, hannu huɗu marasa kauri, ina barin wasu wurare da haske da gangan, sannan na bi da mai ɗan baƙin nan jefi jefi, na kuma shiga da feshin kamar taku ɗaya cikin inda sten ya ci don layin firam ɗin nan ya ɓace. Ya ɓace kuwa.

Don Allah duk mai taɓa asiton ya buɗe tagogi, ya kashe duk wani abu mai wuta ko tartsatsi, ya sa takunkumi na gaske mai matatar tururi, na ƙura ba ya tare komai. Ni minti goma na yi da na ƙura kaina ya fara juyawa.

Yanzu in ka shigo sai na nuna maka wurin za ka gane, shi ma sai ka durƙusa. Wani abokina ya ce ai kusurwar ta fi sauran kyau, ban yarda ba, sten ya fi zurfi in haske ya faɗo a kai, amma na ji daɗin maganar.

Da a ce ɗakin ciki ne kawai kuma ina son ja ko shuɗi mai haske ko in gama a rana ɗaya babu wanke wanke, da rini zan yi gaba ɗaya. Matsalarsa rana, yawancin rini suna koɗewa in hasken rana na dukansu kullum, sten kuwa ba ya damuwa. Sa'ar da na ci ita ce kusurwar tawa bayan ƙofa take, rana ba ta kai mata. Baranda ce ta rage yanzu, kuma ina da tabbacin ita ma na taɓa watsa mata ruwan asid ɗin nan a wancan lokacin, ban dai tuna ko duka ba ne ko bakin matakala kaɗai. Gobe zan ɗiga sten a wurare shida in ga inda zai yi kumfa kafin in sayi ko kwalba ɗaya. Wanda ya taɓa zuba siririn siminti a kan tsohon daɓe sannan ya yi sten a kai, kwana nawa ka jira kafin ka fesa, kuma ya riƙe a waje ko ya ɓare?